Rawar Ido a Gaban Hajiya Mansuratu

Mijina Wahabu ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa lorin Hajiya Mansuratu bai taɓa take ko akuya ba. Kaza ɗaya ce a tarihinsa, a Garu, ita ma ita ce ta zo ta same shi. Daga Bawku, inda muke zaune, yake lodin albasa, ya sauke rabi a Yendi, ya ƙarasa Salaga garinmu na asali, ya juyo da doya da busasshen kifi. A cikin kifin akwai kwando biyu nawa, da su nake zama a bakin kasuwa. Haka muke a shekarar 1988, ɗaki biyu a zango, yara uku, da miji mai dawowa duk bayan kwana biyar yana warin albasa da baƙin mai. Ni Zuwera ina da faɗa, kowa ya sani, amma a wancan lokacin ko na nemi abin da zan yi faɗa a kansa sai na sha wahala kafin in samu.

Sai wata Talata da la'asar aka dawo mini da shi a kujerar fasinja, hannun dama a rataye a wuya, wani direba daban yana riƙe da sitiyari.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. A tashar Yendi ya hau saman kaya yana ɗaure buhuna, igiya ta tsinke a hannunsa, ya faɗo ta kafaɗa, kafaɗar ta goce. Hajiya ta bi lorin a wannan tafiyar, amma tana zaune a gaba tana cin goro, ƙarar faɗuwar kawai ta ji. Ita ta kai shi asibiti. Can aka ce sai an yi masa allurar barci a jijiya kafin a mayar da ƙashin, kuma da yake ba shi da kowa a garin, aka bar ta ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da takalmansa da hularsa. Da an tura ta waje ta zauna a benci, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Kwana uku da dawowarsu ta zo gidanmu. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta yi wa Wahabu sannu da jiki. Masta kowa yake ce masa a tasha, har ita, har ni a gida.

"Masta," ta ce, "makullin lori zai zauna wurina."

"Har kafaɗar ta warke, Mma."

"Ko ta warke."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Ta juyo gare ni, don ta san inda hayaniya za ta fito.

"Zuwera, ki bari in gama. Ni na gani, ba wani ya ba ni labari ba. Sun ce yana barci, amma idonsa a buɗe. Na kira sunansa, ba ya ganina koraa, ko kaɗan. Ƙwayar idon tana gudu nan da can, nan da can, ba ta tsayawa. Miyau yana zuba ta gefen baki. Yatsun hannun mai lafiya suna motsi su kaɗai. Ni na san wannan ido. Ƙanena Sidiku da shi ya tashi, kuma a bakin rafi abin ya kama shi rana ta ƙarshe, ruwan ko gwiwa bai kai ba."

Ba ta faɗi sunan ciwon ba, amma duk mun ji shi. Farfaɗiya take nufi. A ganinta ba igiya ce ta kayar da shi daga saman kaya ba, ciwon ne, igiyar daga baya ta tsinke. Ta ce ba korarsa take yi ba, akwai aiki a rumfar albasa, zai zauna a inuwa yana duba masu lodi. Amma ba za ta ɗora mai irin wannan ido a kan dutsen Nakpanduri da kaya da mutane ba, ko da ɗan cikinta ne.

Na yunƙura zan yi abin da na saba. Wahabu ya dube ni sau ɗaya, na koma na zauna. Ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa makullin, da ma da na ajiya ɗaya direban yake tuƙi, ya miƙa mata da hannun hagu, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Har ƙofa ya raka ta, yana yi mata godiya. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai a ranar.

Direban da aka ce yana da farfaɗiya ya gama tuƙi a Bawku, ba lorin Hajiya kaɗai ba. Hajiya ba mai yawo da magana ba ce, amma wanda ya ga baƙon direba a kujerar Masta dole ya tambaya. Kafin mako ya zagayo, abokan da suke cin tuwo kwano ɗaya da shi a tasha sun fara cewa sun ƙoshi, saboda mutanenmu sun yarda a miyau ake ɗaukar ciwon. Shi kansa ma ya fara shakka. Ba ya tuna komai na asibitin sai wani mafarki, wai lorin ya tashi sama da albasarsa yana shawagi a kan rijiyoyin Salaga, shi kuma yana neman inda zai sauke shi.

"Wataƙila ta ga gaskiya," ya ce mini. "Ni ban san abin da idona ya yi ba."

Na ce masa shekara goma sha huɗu ina kwana kusa da idon nan, in yana da wata rawa ni ce zan fara gani. Ya koma zama a ƙofar gida yana bin kowane lori da kallo, da jin ƙarar inji ya san wanda mai shi bai canja masa mai ba.

Cikin masu sayen kifina akwai Hudu, nas a wani asibiti a garin, shi ne mai sa mutane barci in za a yi musu aiki. Hausar tasha yake yi, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Na ba shi labari ina naɗe masa kifi. Ya yi dariya har na kusa fasa sayar masa.

"Wannan ketamin ne, Anti," ya ce. "Shi muke yi wa mutane kullum. Akwai wani allura da yake rufe ido, amma yana danne numfashi, sai da inji a kusa. Mu kuwa wuta yana zuwa yana tafiya. Da wannan kuwa mutum yana numfashi da kansa. Sai dai ido yana buɗe, yana rawa, hannu yana motsi, miyau yana zuwa, wasu har surutu suna yi. In magani ya fita jiki, shi ke nan. Ba ciwo ba ne."

Na roƙe shi ya je ya gaya wa Hajiya, ya kuwa je ran Juma'a bayan masallaci. Ta karɓe shi hannu biyu, ta ba shi goro, ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, mutanen asibiti suna da kirki, sun iya rufa wa bawan Allah asiri. Haka ya dawo rumfata da goron a aljihu, ko ɓarawa bai yi ba.

Ranar ce ya lura da hannuna. Kwana goma ke nan da ƙayar tarwaɗa ta soke ni a tafin hannun dama. Ina ta gasa wurin da ruwan gishiri, ina shafa man kaɗe, ina naɗe shi da tsumma. Ya kumbura ya yi sheƙi, yana zugi har cikin hammata. Ni kuwa duk faɗan nan nawa, allura nake tsoro. Yarana uku a ɗaki na haife su, ba don jarumtaka ba, don kada wani ya tsira mini ƙarfe.

"Ka buɗe in gani," in ji Hudu.

Ya danna gefen kumburin, na kusa marinsa da na hagu.

"Mugunya ya taru, ya yi zurfi. Sai dokta ya tsaga. In ka bari, yatsu zai sandare."

"A tsaga ina kallo?"

"A'a. Allurar kashe wuri ba zai kama nan ba. Barci za mu sa ka."

Na ce Allah ya kiyaye, na janye hannuna. Ya ɗauki kifinsa ya yi taku uku, sai na ji bakina ya kira shi.

"Wace allurar za ku yi mini?"

"Shi dai."

"Ni ma idona zai yi rawa?"

"Yawancin mutane yana yi. Ba zan rantse maka ba."

"Ana barin wani ya tsaya kusa?"

Ya ce, "Mutum ɗaya, in bai cika surutu ba."

A zango, in za a yi wa mace aiki ko ta zo haihuwa, uwarta ce take tsaya mata. In uwar tana nesa sai ta roƙi wata babba, kuma ba a ƙin wannan roƙo, wadda ta ƙi da shi za a riƙa tuna ta har ta mutu. Tawa uwar tana Salaga, tafiyar kwana biyu. Na wanke ƙafa na je gidan Hajiya, na durƙusa.

"Mma, jibi za a tsaga mini hannu. Ba ni da uwa a garin nan sai ke."

Ta kama hannun ta juya shi, ta yi tsaki.

"Da wannan kike yawo? Yoo, zan zo."

Ba ta tambayi komai ba, ni ma ban ƙara komai ba. Na fito, amma abu biyu ne suka tsaya mini a rai bayan allurar kanta. In nawa idon ya ƙi rawa, na miƙa wa Hajiya hujja da hannuna, Masta kuma ya gama. Sai kuma surutun da Hudu ya ambata. Mako uku ina zagin matar nan a zuciyata, na raɗa mata sunaye waɗanda ko maƙwabciyata ban gaya wa ba, ga shi zan kwanta a gabanta bakina ba linzami.

Da hantsi muka isa, cikina babu ko ruwan koko, haka Hudu ya ce. Hajiya ta riga mu zuwa, da kwanon abinci a ƙulle da tsohon zani na canji, yadda uwa take yi. Na ji kunya ta kama ni, amma ban fasa ba. Wahabu ya zauna a benci a waje, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin. Aka kwantar da ni, aka miƙar da hannun a kan wani katako, dokta yana wanke nasa a gefe. Hudu ya ɗaure mini damtsen hagu da roba yana neman jijiya. Na juya fuska wajen Hajiya, na riƙe bakin zaninta, har na ji taurin makullin a cikin ƙullin.

"Mma, kada ki ɗauke ido daga fuskata."

"Ina nan."

Tsirawar ma ba ta kai cizon cinnaka ba, abin da na yi shekara talatin ina gudu ke nan. Na buɗe baki zan gaya wa Hudu haka, sai rufin ɗakin ya yi nisa. Na ga kaina a cikin kwandon kifi, kwandon yana tafiya shi kaɗai a kan jan titi, itatuwa suna wucewa suna gaishe ni. Ban ji zafi ba, ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji.

Da na dawo, Hajiya biyu na gani a kaina, duk suna yi mini fifita. Na rufe ido na buɗe, a hankali suka koma ɗaya. Hannuna yana naɗe da farin bandeji, zugin nan ya tafi. Zuciyata ta tashi, ta tara mini kwano, ta goge mini baki da gefen mayafinta, ita da ta ce ta ga miyau a Yendi ta tsorata.

"Ya yi?" na ce. Harshena ya yi nauyi.

"Mene ne?"

"Idon."

Ta ajiye mafici. "Ya fi nasa gudu paa. Ke komai sai kin fi kowa. Ƙafarki ma ta yi ta shure-shure, sai da na danne." Ta dube ni. "Tun da kika ce kada in ɗauke ido na gane abin da kika kawo ni yi. Ba ki da kunya, Zuwera."

"Hannun da gaske yake ciwo, Mma."

"Na ga abin da ya fito, ba sai kin gaya mini ba."

Hudu yana gefe yana tattara kayansa, ya yi kamar ba ya ji. Ta kira shi, ta tambaye shi mutum nawa ya yi wa allurar nan. Ya ce ba zai iya tunawa ba, har liman ya taɓa yi wa, har soja. Ta tambaya ko akwai wanda idonsa ya ci gaba da rawa bayan ya koma gida. Ya ce bai taɓa gani ba. Ta gyaɗa kai, ta koma kallon taga.

"A Yendi tsoro bai bar ni na duba da kyau ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Yau na duba. Na Sidiku ba haka yake ba. Shi nasa sama yake juyawa ya tsaya, jikinsa ya sandare, leɓensa ya yi baƙi. Ke kuwa numfashinki lafiya lau, kina ta zuba kamar rediyo."

Na tattara ƙarfina na ce, "Me na ce?"

"Sau ɗaya kika ambace ni. Kin ce ina da kunnen ƙashi. Wannan kuwa na sani tun ba a haife ki ba."

"Shi ke nan?"

"Sauran hanyar Masta ce. Tun daga Garu kika faro. Yanzu ya wuce kasuwa, Allah ka kau masa da jakuna. Yanzu yana hawan dutsen Nakpanduri, Allah kada ka bari mota ta mutu masa a tsakiya. Yanzu ya tsaya Gushegu zai yi Azahar, Allah ka sa abincin matar nan mai tuwo a tasha kada ya ɓata masa ciki. Haka kika bi shi gari gari, Yendi, Bimbila, har Salaga, har kika ce ya gaida miki Inna. Dokta ya gama naɗe hannu ke kina kan hanyar dawowa, kina roƙa masa birki a gangara."

Na ja mayafi na rufe fuska. Wannan abu ne da nake yi ni kaɗai tun ranar da ya fara hawa lorin, ina shara ko ina juya kifi, in dubi rana in san inda yake. Ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ma ban gaya masa ba. A gida abin da yake ji daga bakina shi ne ya makara, ya ɓata riga, ya manta gishirin da na aike shi. Na gwammace a ce zagin ne ya fito.

"A hankali na faɗa?" na tambaya ta cikin mayafin.

"Ke kin taɓa faɗin wani abu a hankali? Tagar a buɗe take."

Na ji tana kwance ƙulli. Ta buɗe tafin hannuna na hagu ta sa makullin a ciki, ta rufe yatsuna a kansa, yana da ɗumin jikinta.

"Ke za ki ba shi, ni kunyarsa nake ji. Amma sai kafaɗar ta warke sarai, kuma gobe zan je tasha in ci tuwo a kwanonsa kowa yana gani."

Ta kuwa je. An ce har ta roƙi ƙari.

A hanyar gida Wahabu bai ce komai ba game da tagar. Ya riƙe mini kwanon Hajiya, na riƙe makullin, muna tafe, shi da hannu a rataye, ni da hannu a naɗe, mutane suna yi mana sannu biyu biyu. Da muka shiga na ajiye makullin a kan tabarmarsa na ce ga kayansa nan, ya daina zama a ƙofa yana tsare mini iska. Ya ɗauka ya daɗe yana juya shi. Na jira ya yi maganar, bai yi ba, ranar ko washegari. Har na fara sa rai bencin ya yi nisa, bai ji ba.

Mako biyar bayan nan ya koma hanya. Da sassafe na dama masa koko, na ƙulle masa ƙosai a takarda, na ce kada ya kuskura ya hau saman kaya, akwai masu lodi, ba shi kaɗai Allah ya ba hannu ba. Ya sa hula, ya kai ƙofa, sai ya tsaya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Zuwera."

"Me kuma ka manta?"

"Tun bara da hanya ta lalace ba na kaiwa Gushegu da Azahar. A Gbintiri nake tsayawa." Bai ɗago kai ba. "Ki gyara, kada ki riƙa roƙa mini a inda ba na nan."

Na ce ya wuce ya ba ni wuri, albasar mutane tana jiransa. Ya fita yana murmushi, na tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu har na daina jin takunsa.

Da rana ta take tsaka ina rumfa ina juya kifi, na dubi inuwa na ga lokaci ya yi. Na ce Allah ga Masta nan a Gbintiri, ban san mai abincin garin ba, kai ka san ta.